Wace ce Montessori da sunanta ke kan allunan makarantunmu?

Duk wanda ya bi titunan Akara ko Kumasi zai ga allunan makarantu masu zaman kansu ɗauke da kalmar Montessori. Wata makarantar ginin bene ce da motar ɗaukar yara, wata kuwa ɗaki uku ce kacal da katanga mai fenti. Iyaye da dama a Zango sun ɗauka kalmar tana nufin makaranta mai tsada inda yaro ke jin Turanci da wuri, wasu ma suna zaton sunan kamfani ne. To, sunan mace ce 'yar Italiya, likita, wadda ta rasu tun 1952. Yaran da ta fara gwada hanyarta a kansu kuma 'ya'yan leburori ne na wata unguwar talakawa a birnin Rum, unguwar da cunkosonta ba zai zama baƙon abu ga mutumin Nima ko Aboabo ba. Tunda gumin goshinmu muke zubawa saboda wannan suna, ya kamata mu san mai shi da abin da ta koyar.

Yarinya a makarantar maza

An haifi Mariya Montessori ranar 31 ga Agusta 1870 a garin Chiaravalle, kusa da Ancona. Mahaifinta Alessandro ma'aikacin ma'aikatar kuɗi ne, mahaifiyarta Renilde kuma mace ce mai son karatu. Iyalin sun koma Rum a 1875, a can ta yi firamare. Da ta kai shekara 13 sai ta shiga makarantar fasaha wadda galibin ɗalibanta maza ne, don a lokacin injiniya take so ta zama. Kafin ta kammala a 1890 ra'ayinta ya koma kan likitanci, abin da bai yi wa mahaifinta daɗi ba. Mahaifiyarta ce ta tsaya mata.

Sai da ta yi shekara biyu tana karatun kimiyya a Jami'ar Rum kafin a ba ta gurbi a sashen likitanci a 1893. Can ma ba ta samu da sauƙi ba. A ganin mutanen zamanin, bai dace mace ta tsaya tare da maza a gaban gawa tsirara ba, don haka ita kaɗai take shiga ɗakin feɗe gawa bayan kowa ya tashi. Haka ta daure har ta fito a 1896, cikin matan farko da suka zama likitoci a Italiya.

Ɓarɓashin burodi

A 1897 ta fara aikin sa-kai a asibitin masu taɓin hankali na jami'ar. Aikin yakan kai ta gidajen da ake tsare marasa lafiyar, inda ta tarar an haɗa har da yara masu raunin fahimta. Masu rubuta tarihinta sun kawo cewa a ɗaya daga cikin gidajen, mai kula da yaran ta kai mata ƙararsu: wai da sun gama cin abinci sai su zube ƙasa suna tsintar ɓarɓashin burodi. Matar haɗama ta gani. Montessori kuwa ta dubi ɗakin, ta ga babu komai a cikinsa, ko abu ɗaya da hannun yaro zai taɓa. Sai ta gane ɓarɓashin nan shi kaɗai ne abin da yatsunsu ke samu su yi aiki da shi.

Wannan ya sa ta bi rubuce-rubucen likitoci biyu na Faransa, Jean Itard da almajirinsa Édouard Séguin, waɗanda suka koyar da irin waɗannan yara ta hanyar horar da hannu da ido da kunne, daga abu mai sauƙi zuwa mai wuya. A 1900 aka naɗa ta ɗaya daga cikin shugabanni biyu na wata makaranta a Rum mai horar da malaman irin waɗannan yara. Ta ƙera kayan koyo, ta zauna da yaran da kanta. Ƙarshenta wasu daga cikinsu suka zauna jarrabawar gwamnati tare da yara masu lafiya, suka kuma ci. Jama'a na ta yabo, ita kuwa wata tambaya ce ta dame ta: in har yaran da aka yanke wa ƙauna sun kamo masu lafiya, to me makarantun gwamnati suke yi wa masu lafiyar da ya hana su wuce nan?

A waɗannan shekarun ne kuma wani abu ya faru wanda ya bi ta har ƙarshen rayuwa. A 1898 ta haifi ɗa namiji, Mario, da abokin aikinta likita Giuseppe Montesano, ba tare da aure ba. Aka kai jaririn ƙauye wajen wasu su rene shi, daga baya Montesano ya auri wata. Takan je ta duba yaron, amma bai dawo hannunta ba sai da ya kai kusan shekara 15. Matar da duniya ta sani da fahimtar yara ba ita ta reni nata ba, kuma tarihi bai ɓoye wannan ba. Mario ɗin ne daga baya ya zama babban mataimakinta kuma magajin aikinta.

Ta bar makarantar a 1901, ta koma jami'a tana karatun falsafa da ilimin tarbiyya, tana kuma shiga azuzuwan firamare tana kallon yadda ake koyarwa.

Gidan Yara na San Lorenzo

San Lorenzo unguwar talakawa ce a Rum. Wani kamfani ya gyara wasu manyan gidajen haya a can, sai ya fuskanci matsala: iyaye na fita aiki tun safe, ƙananan yara na yawo cikin ginin suna ɓata bango da matakala. Masu ginin suka ga ya fi musu arha su tara yaran a ɗaki ɗaya a sa musu mai kula. Suka nemi Montessori, ta amsa. Ranar 6 ga Janairu 1907 aka buɗe wurin da ta kira Casa dei Bambini, wato Gidan Yara, da yara wajen 50 zuwa 60, galibinsu 'yan shekara 3 zuwa 6. Wadda ke zama da su kullum 'yar mai gadin ginin ce, ba ta yi kwalejin malamai ba. Ita Montessori takan zo ne ta zauna gefe tana kallo tana rubutawa, kamar yadda likita ke lura da majinyaci.

Daga wannan kallon hanyar ta fito. Ta ga wata yarinya 'yar kimanin shekara uku tana cire wasu guntayen katako daga ramukansu tana mayarwa, fiye da sau 40, ana waƙa da hayaniya kewaye da ita amma ko ɗaga kai ba ta yi ba. Da ta gama sai fuskarta ta washe kamar wadda ta tashi daga barci mai daɗi. Ashe ƙaramin yaro na iya tattara hankalinsa wuri ɗaya in aikin ya dace da matakin da yake. Wata rana kuma mai kula da yaran ta manta ba ta kulle kabad ba, da ta iso ta tarar kowane yaro ya ɗauki abin da yake so yana aiki. Ita ta ɗauke shi laifi, Montessori kuwa ta sa aka yi ƙananan kantoci a buɗe daidai tsayin yaro. Ta lura kayan wasa masu kyau da aka kawo musu ba su dame su ba, sun fi son shara da goge tebur da ɓalla maɓalli da wanke hannu. Ta lura kuma lada da horo ba su canza komai a aikinsu, sai ta soke su. Manyan bencina ma ta fitar, ta kawo ƙananan tebura da kujerun da yaro zai iya ɗagawa da kansa.

Ƙarshen 1907 ta yanka haruffa daga takarda mai kaushi, irin wadda kafinta ke goge katako da ita, ta manna a kan allunan hannu. Yaro zai bi harafin da yatsa biyu yana furta sautinsa. Ba a daɗe ba yara 'yan shekara huɗu da biyar suka fara rubutu da alli a ƙasa da bango, 'ya'yan mutanen da akasarinsu ba su iya karatu ba. Labari ya bazu a jaridu, baƙi suka fara zuwa kallo daga ƙasashe. A 1909 ta yi kwas ɗinta na farko na horar da malamai a Città di Castello, ta kuma wallafa littafin da ya bayyana hanyar, wanda aka fassara zuwa Turanci a 1912. Daga nan ta ajiye aikin likitanci ta duƙufa kan ilimi.

Yadda firamaren take aiki

Mutane sun fi sanin Montessori da ajin ƙananan yara, amma tun 1916 ta wallafa aikinta kan 'yan firamare. Tushen tsarin shi ne yadda ta raba girman ɗan Adam zuwa zango huɗu, kowanne shekara shida: daga haihuwa zuwa 6, daga 6 zuwa 12, daga 12 zuwa 18, sai 18 zuwa 24. A zangon farko yaro na shanye abin da ke kewaye da shi ne kamar yadda soso ke shan ruwa, shi ya sa yake kama harshen gida ba tare da an zaunar da shi darasi ba. Daga shekara 6 kuwa sai ya canza. Tambayarsa ta koma "don me?" da "ta yaya?", yana son aiki cikin abokai, yana kuma da zafi kan adalci, duk malamin firamare ya san yadda 'yan aji uku ke kawo ƙara a kan wanda aka fifita. Don haka ajin firamare dole ya bambanta da na ƙanana.

Abu na farko, ba a raba yara shekara-shekara. 'Yan 6 zuwa 9 aji ɗaya suke, 'yan 9 zuwa 12 ma haka, kuma yaro kan yi shekara ukun nan da malami ɗaya. Ƙarami na koyo daga babba, babba kuma in ya koya wa ƙarami sai abin ya ƙara zauna masa.

Na biyu, ba a yanka safiya da ƙararrawa. Ana ba yara kimanin awa uku a jere, kowa ya zaɓi aikinsa daga cikin abin da aka riga aka nuna masa, shi kaɗai ko su biyu-uku. Wannan ba sakaka ba ne fa. 'Yancin yana da iyaka: ba ka dagula aikin wani, ba ka ɗaukar kayan da ba a koya maka ba, in ka gama ka mayar inda ka ɗauko. Yaron da ya yi kwanaki yana kauce wa lissafi, malami zai zauna da shi su tsara lokacin da zai yi.

Na uku, hannu ke riga ƙwaƙwalwa. Ɗauki lissafi. Akwai ƙananan duwatsu masu ruwan zinariya kamar 'ya'yan carbi: ƙwaya ɗaya ita ce ɗaya, goma a jere a kan waya ita ce goma, jeri goma a haɗe ɗari, faifan ɗari guda goma a ɗore dubu. Yaro zai riƙe ɗaya a hannun hagu, dubu a hannun dama, ya ji bambancin nauyinsu. In yana tarawa ya samu ƙwaya goma, sai ya je ya canza su da jeri ɗaya, kamar mai canjin kuɗi. Abin nan da muke sa yara su haddace na "rubuta biyu ka riƙe ɗaya", shi da hannunsa ya yi shi kafin ya gan shi a takarda. A nahawu ma kowane jinsin kalma na da alamarsa: suna baƙar alama mai kusurwa uku, aikatau jan da'ira. Yawancin kayan an ƙera su ne yadda kuskure zai nuna kansa. In yaro ya sa guntun katako a ramin da ba nasa ba, a ƙarshe ɗaya zai rage masa a hannu ba wurin sawa, ba sai malami ya ɗauko jan biro ba.

Na huɗu, aikin malami ya canza. Ba ya tsayawa gaban allo yana magana da kowa lokaci ɗaya. Yakan tara yara uku ko biyar ya nuna musu abu cikin 'yan mintuna, ya ja da baya, ya koma kallo da rubuta inda kowane yaro ya kai. Wannan rubutun ne ke maye gurbin na ɗaya da na ƙarshe a aji. Duk wanda ya taɓa riƙe alli ya san yin shiru a bar yaro ya gano kuskurensa ya fi yi masa bayani wuya.

Siyasa da gudun hijira

Sunanta ya kai Amurka da wuri. Ta je can a 1913, kuma a baje kolin San Francisco na 1915 an gina aji mai bangon gilashi inda jama'a ke zama suna kallon yara na aiki. Amma a 1914 William Kilpatrick, malami mai faɗa a ji a kwalejin malamai ta Jami'ar Columbia, ya rubuta suka mai zafi, yana ganin tunaninta tsohon yayi ne kuma kayanta na taƙaita ƙirƙirar yaro. Ita ma ta ƙara wa abin wahala, don ta nace ita kaɗai ce za ta horar da malamai. Cikin 'yan shekaru harkar ta mutu a Amurka, ba ta farfaɗo ba sai ƙarshen shekarun 1950.

A gida kuma ta yi abin da har yau ake tuhumarta da shi. A 1924 ta gana da Mussolini, gwamnatinsa ta kama-karya ta rungumi makarantunta, ita ma ta karɓi tallafin na shekaru. Zaman bai ɗore ba, domin mai son yara su yi fareti cikin kaki ba zai daɗe da mai koya musu zaɓi da tunani ba. Ta bar Italiya a 1934, zuwa 1936 gwamnati ta rufe harkar a ƙasar. 'Yan Nazi sun riga sun rufe nasu a Jamus tun 1933. A 1936 ɗin kuma yaƙin basasar Sifen ya kore ta daga Barcelona, inda ta daɗe da zama, ta koma Holan. Kafin nan, a 1929, ita da Mario sun kafa ƙungiyar Montessori ta duniya, AMI, wadda hedikwatarta ke Amsterdam har yanzu.

A 1939, tana da shekara 69, ta tafi Indiya ba da horo a Madras. Yaƙin Duniya na Biyu ya rutsa da ita a can. Da Italiya ta shiga yaƙin a 1940, Turawan Ingila suka tsare Mario, ita kuma suka taƙaita zirga-zirgarta. Sun sako mata shi ne lokacin cikarta shekara 70. Ba ta koma Turai ba sai 1946. A garin Kodaikanal ne ita da Mario suka kammala tsarin 'yan 6 zuwa 12. Ana buɗe shekara da manyan labarai biyar: samuwar duniya, zuwan rayuwa, zuwan ɗan Adam, tarihin rubutu da tarihin lambobi. Daga cikin labaran yaro ke zaro tambayoyinsa, su kai shi ga kimiyya da tarihi da labarin ƙasa, maimakon a ba shi kowane fanni a gutsure. A nan iyaye Musulmi na da haƙƙin tambaya. Montessori 'yar Katolika ce, kuma yadda ake ba da labaran nan ya bambanta daga makaranta zuwa makaranta; wasu na ambaton Mahalicci, wasu ba sa yi. Tsarin ajin kansa dai Musulmi sun daɗe da ɗauka, ita da kanta ta ba da horo a Karachi ta Pakistan a 1949.

An gabatar da sunanta don kyautar Nobel ta zaman lafiya sau uku, 1949 da 1950 da 1951, ba ta samu ba. Ta rasu ranar 6 ga Mayu 1952 a Noordwijk ta ƙasar Holan tana da shekara 81. Masu tarihinta sun ruwaito cewa a ranar ma maganar tafiya Afirka take yi da ɗanta. A 1990 Italiya ta sa hotonta a takardar kuɗi ta lira 1,000.

Abin da ya rage mana

Shin hanyar na aiki? A 2006 mujallar Science ta buga binciken Angeline Lillard da Nicole Else-Quest a wata makarantar Montessori ta gwamnati a Milwaukee, wadda ke ɗaukar yara ta hanyar ƙuri'a. Sun kwatanta waɗanda ƙuri'a ta faɗa kansu da waɗanda ba ta faɗa ba. 'Yan shekara biyar na Montessori sun fi a shirin karatu da lissafi da zama da mutane, 'yan shekara 12 kuma sun fi a ƙirƙira cikin rubutun insha'i. Yaran binciken ba su da yawa, kuma makarantar na bin tsarin ne sosai, don haka sakamakon bai shafi duk mai allo a bakin titi ba.

Matsalar ke nan. Sunan ba mallakar kowa ba ne. A Amurka ma tun 1967 hukumar rajistar tambari ta yanke cewa kalma ce ta kowa da kowa. Kayan asali na da tsada, horon malamai ma haka, shi ya sa hanyar da aka haifa a gidan hayar leburori ta koma ta masu hali, wasu kuma suka ɗauki sunan suka bar aikin.

Mu da muka tashi a makarantar allo, wani ɓangaren tsarin ba baƙo ba ne gare mu. A can ma ƙarami da babba wuri ɗaya suke zama, kowa da allonsa da inda ya kai, ba a wanke maka sai ka iya, kuma na gaba kan biya wa na baya. Inda muka rabu da ita shi ne bulala da tsoro, da kuma barin hannun yaro ba abin taɓawa. Malamar da ke da yara 60 a ajin gwamnati ba za ta iya sayen duwatsun zinariya ba, amma murafun kwalba da tsinken tsintsiya ɗaure goma-goma na koyar da ɗaya da goma da ɗari, kuma kafintan unguwa zai iya yanka mata haruffa, na boko da na Larabci.

Uba ko uwar da za su biya kuɗi saboda sunan Montessori, su nemi izinin zama a aji na rabin awa da safe kafin su biya. Su duba ko yara masu shekaru daban-daban na tare, ko kayan na ƙasa inda hannun yaro zai kai, ko kowa na kan aikinsa ne ko kuwa duk suna maimaita abu ɗaya da ƙarfi bayan malama. Su tambayi inda malamar ta samu horo da tsawon lokacin da ta yi, su tambayi yadda ake ba da labarin halitta da kuma lokacin salla. In sun ga sanda a kan tebur da jerin na ɗaya zuwa na ƙarshe manne a bango, makarantar na iya zama mai kyau a irin nata tsarin, amma kada a caje su kuɗin Montessori.